Yadda Ake Gano Matsalar Izinin Fayil da Mallakar Rukuni a Sabar Linux Mai Amfani da Asusun Gajimare

Ma'aikatu da makarantu da yawa sun daina buɗe wa kowane ma'aikaci asusu daban a kan kowace saba. Abin da ake yi yanzu shi ne a haɗa sabar Linux da wurin da asusun jama'a yake, ko dai Active Directory, ko Microsoft Entra ID wanda aka sani da Azure Active Directory kafin a sauya masa suna a 2023, ko kuma asusun Google ta hanyar OS Login, sai mutum ya shiga da sunan da yake buɗe imel ɗinsa da shi. Tsarin yana rage wahala ƙwarai, amma yana zuwa da koke iri guda da ba ya ƙarewa: an saka ma'aikaci a rukunin da ya dace, shafin gudanarwa ya nuna yana ciki, duk da haka idan ya je ajiye fayil a foldar da ake aiki tare sai kwamfuta ta amsa masa da `Permission denied`. Da yawa daga masu kula da saba, idan koke ya yi yawa, sukan buga `chmod -R 777` su huta, alhali wannan umarnin bai gyara komai ba, buɗe foldar kawai ya yi ga duk wanda ya samu shiga injin, har da manhajar da ɓarayin intanet suka kutsa cikinta.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne Linux ba ya rubuta sunan kowa a jikin fayil. Lambobi biyu yake rubutawa, lambar mai fayil da ake kira UID da lambar rukuni da ake kira GID, kuma su kaɗai yake dubawa idan zai yanke hukunci. Lamarin kamar ajiyar kaya ne a tasha, inda lambar da ke jikin tikiti ake dubawa, ba a tambayar sunan mai kaya. A asusun da aka buɗe cikin injin kansa, suna da lambarsa suna zaune tare a `/etc/passwd` ba sa motsi. A asusun gajimare kuwa wata manhaja ce a tsakiya take ƙirƙiro lambar ko ta ɗauko ta daga nesa, saboda haka suna ɗaya zai iya samun lamba daban a injuna biyu, ko ma a inji ɗaya kafin wani sauyi da bayansa. Galibin matsalolin da za a tattauna a nan daga wannan giɓin suke fitowa.

A karanta saƙon kuskuren da kyau

Kafin a taɓa komai, a nemi mai koken ya turo ainihin abin da ya bayyana a fuskar kwamfutarsa, domin saƙonni uku da jama'a ke haɗawa wuri guda ba abu ɗaya suke nufi ba. `Permission denied` shi ne na izini da rukuni, kuma shi ne batunmu. `Operation not permitted` yakan fito ne idan mutum ya yi ƙoƙarin sauya mallaka ko izinin fayil ɗin da ba nasa ba, ko kuma an kulle fayil ɗin da `chattr +i`, wanda `lsattr` zai nuna. `Read-only file system` kuwa ba ruwansa da asusu, faifan ne aka jona don karatu kawai, ko kuma tsarin ya mayar da shi haka bayan ya ga alamar lalacewa.

A nemo lambar fayil, a nemo lambar mutum

A fara da fayil ɗin. Umarnin `ls -l` yana fassara lambobi zuwa sunaye, kuma fassarar ce take ruɗar mutane, don haka a ƙara masa harafin `n` ya nuna lambobin tsiraransu:

`ls -ln /srv/lissafi`

`namei -l /srv/lissafi/2024/rahoto.ods`

Na biyun yana jero izinin kowace folda daga tushe har zuwa fayil ɗin. Ana bukatarsa ne saboda sai mutum yana da izinin `x`, wato na shiga, a kan kowace folda da ke kan hanya kafin ya isa ga abin da ke ƙasa, kuma sau da yawa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, wata folda ce can sama ta tare hanya. Haka nan goge fayil ko sauya masa suna izinin `w`, wato na rubutu, na foldar da yake ciki yake bukata, ba na fayil ɗin ba. Idan `ls -l` na yau da kullum ya nuna doguwar lamba a gurbin suna, ma'anarsa injin bai san mai wannan lambar ba a halin yanzu, kuma wannan ma shaida ce mai amfani.

Daga nan a koma kan mutumin. A sa shi ya buga waɗannan biyun a cikin tagar da matsalar take faruwa:

`id`

`id malami@example.com`

Kamanninsu ɗaya amma tambayarsu daban. Na farko yana faɗin rukunonin da wannan zaman da yake ciki yake ɗauke da su, na biyu kuma yana zuwa ya tambayi ma'ajiyar sunaye abin da ta sani yanzu. Linux yana liƙa wa mutum jerin rukunoninsa ne lokacin da ya shiga, duk shirin da ya buɗe bayan haka yana gadon wannan jerin, kuma ba ya sabuntuwa da kansa. Idan na biyu ya nuna rukunin `lissafi` amma na farko bai nuna ba, to babu abin da ya lalace, fita kawai zai yi ya sake shiga. Sai dai fitar ta zama ta gaskiya. Zaman `tmux` ko `screen`, manhajojin da ke riƙe taga tana aiki ko bayan an fita, da aka bari yana gudana tun makon jiya yana nan da tsohon jerin, haka ma haɗin SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, da aka saita da `ControlMaster`, wanda sabuwar taga take hawa kan tsohon haɗin ba tare da an sake tantance kowa ba. Mai kula da saba zai iya duba layin `Groups` a `/proc/<lambar shirin>/status` don ya tabbatar, ya kuma rufe duk zaman mutumin da `loginctl terminate-user`, bayan ya gargaɗe shi ya ajiye aikinsa. Wanda ba zai iya fita a lokacin ba, `newgrp` zai ba shi rukunin a wannan tagar kaɗai.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ko gogaggu sukan manta da ita. Tsarin yana duba mai fayil tukuna, idan lambar mutum ta yi daidai da ta mai fayil sai ya yi hukunci da izinin mai fayil ya tsaya nan, ba ya gangarawa ya duba na rukuni ko da ya fi yawa.

Idan rukunin bai iso injin ba

Idan `id` mai ɗauke da suna ma bai nuna rukunin ba, matsalar tana tsakanin gajimare da saba. A mafi yawan injunan da aka haɗa da Active Directory ta hanyar umarnin `realm join`, manhajar SSSD ce take tsakiya, kuma tana da ma'ajiyar wucin gadi wadda asalin wa'adinta daƙiƙa 5400 ne, wato awa ɗaya da rabi. A tilasta mata ta sake tambaya:

`sudo sss_cache -E`

`getent group lissafi@example.com`

`sudo sssctl domain-status example.com`

Na ukun yana da muhimmanci a wuraren da intanet ke yawan yankewa, domin idan SSSD ta kasa isa ga sabar sunaye takan ci gaba da aiki da abin da ta adana, jama'a su yi ta shiga lafiya lau, amma duk sauyin rukunin da aka yi a sama ba zai sauko ba sai haɗin ya dawo. A tuna kuma cewa jinkirin yana iya kasancewa tun daga sama: Entra Connect, wadda ke kwafo asusu daga Active Directory na cikin ma'aikata zuwa gajimare, bisa asalin saitinta kowane minti 30 take zagayowa.

Idan an jira, an share ma'ajiya, rukunin bai bayyana ba, a duba irin rukunin. Rukunin rarraba imel ba rukunin tsaro ba ne, kuma na tsaro ne ake ba da izini da shi. Sannan a duba layin `ldap_id_mapping` a `/etc/sssd/sssd.conf`. Idan an rubuta `False`, SSSD tana jiran ta samu `uidNumber` da `gidNumber` a rubuce a jikin kowane asusu da kowane rukuni, kuma rukunin da ba a cika masa `gidNumber` ba tamkar babu shi ne a wajen Linux, komai kyan da ya yi a shafin gudanarwa. Bayanan abin da ya faru suna `/var/log/sssd/`. Wanda ya gyara `sssd.conf` ya kula kada ya sassauta izininsa, domin idan ya tashi daga hannun `root`, wato asusun da ke da cikakken iko a injin, ko ya wuce `600`, sigogin SSSD da yawa sukan ƙi tashi gaba ɗaya, kowa ya rasa hanyar shiga.

Suna ɗaya, lamba biyu

A nan ne matsalar ta fi wuyar ganewa, kuma a nan ya kamata a fi natsuwa. Idan `ldap_id_mapping` yana kan `True`, wanda shi ne asalin saitin masu haɗawa da Active Directory, SSSD tana lissafo lambar ne daga SID, wato shaidar da Windows ke ba kowane asusu. Takan raba lambobin da ke tsakanin 200,000 da 2,000,200,000 zuwa yankuna masu lamba 200,000 kowanne, ta zaɓa wa yankin ma'aikata guda ɗaya bisa lissafin SID ɗinsa, sannan ta ɗora lambar ƙarshe ta SID ɗin mutum a kan farkon wannan yankin. Misali, idan yankin ya fara daga 684800000, wanda SID ɗinsa ya ƙare da 1105 zai zama 684801105. Rukunin `domain users` kuwa kullum lambarsa ta ƙarshe 513 ce a Windows, shi ya sa duk wanda ya saba da aikin, da ya ga GID mai tsawo da ya ƙare da 513 ya san abin da yake kallo.

Amfanin wannan lissafin shi ne duk injunan da ke da saiti iri ɗaya za su fitar da lamba ɗaya ba tare da sun tuntuɓi juna ba. Illarsa kuma ita ce abubuwa da dama suna iya sauya sakamakon ba tare da sunan ya motsa ba. Idan an goge asusun ma'aikaci sannan aka sake buɗe masa da sunan nan dai, sabon SID zai samu, saboda haka sabuwar lamba, kuma fayilolinsa na da sun zama na wani baƙo a wajen Linux. Idan saba ɗaya tana amfani da SSSD, ɗayar kuma da Winbind ta Samba, wata manhaja mai irin aikin SSSD da ke da nata tsarin raba lambobi mai suna `idmap`, lambobin ba za su zo daidai ba sai an yi aikin daidaita su da gangan. Idan aka ɗauke saba daga Active Directory na cikin gida aka mayar da ita Microsoft Entra Domain Services, sunayen za su biyo ta amma SID ɗin ba zai biyo ba, domin wancan yankin nasa SID yake rabawa, tsohon kuma sai ya ajiye shi a matsayin tarihi kawai. Haka kuma idan wani ya juya `ldap_id_mapping` daga wannan gefe zuwa wancan, lambar kowa da kowa ta sauya a lokaci guda. Wannan sauyin na ƙarshe `sss_cache` ba ta isa ta kammala shi ba, sai an tsayar da SSSD, an share abin da ke `/var/lib/sss/db/`, an sake tayar da ita, kuma kada a yi haka sai an tabbatar haɗin yana aiki kuma akwai wata tagar `root` a buɗe, saboda kalmomin sirrin da aka adana don lokacin yankewar haɗi suna cikin abin da za a share.

Akwai kuma asusun gida da ya yi karo da na gajimare. Fayil ɗin `/etc/nsswitch.conf` shi ke faɗin inda za a fara nema, kuma a al'ada `files` ne ke gaba da `sss`, saboda haka idan akwai tsohon asusu mai suna iri ɗaya a `/etc/passwd`, shi zai riƙa amsawa. A tambayi kowanne daban:

`getent -s files passwd malami`

`getent -s sss passwd malami`

Idan duka biyun sun amsa da lambobi daban, an kama ɓarawon.

A Google Cloud lamarin yakan zo da wata fuska. Kafin a kunna OS Login, injin yakan buɗe asusun gida ga duk wanda aka saka mabuɗinsa na SSH, ya ba shi ƙaramar lamba kamar 1001 da folda `/home/malami`. Ranar da aka sa `enable-oslogin=TRUE`, mutumin nan zai shiga da suna mai siffar `malami_example_com`, da wata lamba, da sabuwar foldar gida wadda babu komai a ciki, sai ya ɗauka aikinsa ya ɓace, alhali yana nan a tsohuwar foldar da ya daina mallaka. Wanda ya fito daga wata ma'aikata sunansa yakan fara da `ext_`, asusun manhaja kuma da `sa_`. Umarnin `gcloud compute os-login describe-profile` yana nuna suna da lambobin da Google ya ba mutum. Ikon `sudo` kuma daga matsayin `roles/compute.osAdminLogin` yake zuwa, wanda aka ba `roles/compute.osLogin` kawai zai shiga amma ba zai yi aikin `root` ba.

Idan an tabbatar lamba ce ta sauya, gyaran shi ne a mayar da fayilolin ga sabuwar lambar, amma a fara ajiye yadda abubuwa suke, sannan a kalli jerin abin da za a taɓa kafin a taɓa shi:

`sudo sh -c 'getfacl -R -n -p /srv /home > /root/izini-kafin-gyara.txt'`

`sudo find /srv /home -xdev -uid 1001 -ls`

`sudo find /srv /home -xdev -uid 1001 -exec chown -h malami_example_com {} +`

Fayil ɗin da umarnin farko ya rubuta shi ne hanyar komawa baya, da `setfacl --restore`. Harafin `h` yana hana `chown` bin mahaɗin fayil ya je ya sauya wani abu a wani wuri. A lura cewa `chown` yana cire alamar `setuid` da `setgid`, masu sa shiri ya yi aiki da ikon mai fayil ko na rukuninsa, daga fayilolin da ake gudanarwa, kuma ba ya gyara tsohuwar lambar da ta maƙale a cikin ACL, wato ƙarin jerin izini da ake liƙa wa fayil, wannan sai an bi da `setfacl`. Wanda ke son ganin duk marayun fayilolin da ke injin, `find` mai `-nouser` da `-nogroup` zai jero su, amma kada a gudanar da shi lokacin da SSSD ba ta aiki, don a lokacin fayilolin kowa za su fito a matsayin marayu. Idan kuma ana kwashe bayanai tsakanin injuna biyu, a san cewa `rsync -a` da `tar` suna daidaita mallaka ne da suna idan sun samu, sai an ce musu `--numeric-ids` ko `--numeric-owner` sannan su riƙe lambar yadda take.

Foldar aiki tare da ke lalacewa bayan an gyara ta

Wani lokaci lambobi duk daidai suke, an gyara foldar yau, gobe wani ya ajiye sabon fayil, abokan aikinsa sun kasa gyara shi. Dalilai biyu ne ke haɗuwa. Na farko, sabon fayil yana ɗaukar babban rukunin wanda ya ƙirƙire shi ne, kuma babban rukunin mai asusun Active Directory galibi `domain users` ne, ba `lissafi` ba. Na biyu ya fi ɓuya. A Ubuntu, da kuma Red Hat Enterprise Linux (RHEL) 7 da 8, idan sunan mutum ya yi daidai da sunan babban rukuninsa, kamar yadda yake ga asusun gida, tsarin yakan ba shi `umask`, wato saitin da ke rage izinin sabon fayil, na 002, fayilolinsa su fito da izinin rubutu ga rukuni. Mai asusun gajimare da babban rukuninsa `domain users` ne bai cika wannan sharaɗin ba, sai ya zauna a 022, fayilolinsa su fito `644`, rukuni ya iya karantawa amma ba ya iya rubutawa. Shi ya sa tsofaffin ma'aikata masu asusun gida ba su taɓa ganin matsalar ba, sai da aka koma asusun gajimare ta ɓullo.

Maganin da ke ɗorewa shi ne a sa foldar kanta ta riƙa tilasta rukuni da izini, maimakon a dogara da saitin kowane mutum:

`sudo chgrp -R 'lissafi@example.com' /srv/lissafi`

`sudo find /srv/lissafi -type d -exec chmod 2770 {} +`

`sudo find /srv/lissafi -type f -exec chmod g+rw,o-rwx {} +`

`sudo find /srv/lissafi -type d -exec setfacl -d -m u::rwx,g::rwx,o::--- {} +`

Lambar 2 da ke gaban 770 ita ce alamar `setgid`, wadda ke sa duk abin da aka ƙirƙira a ciki ya gaji rukunin foldar, sababbin foldoji kuma su gaji alamar ita ma. Layin ƙarshe yana sa ACL na gado, kuma inda yake, tsarin ba ya la'akari da `umask` na mai ƙirƙirar fayil. An raba foldoji da fayiloli da gangan, domin `chmod -R 2770` zai mayar da kowace takarda abin gudanarwa. Idan ana so wani rukuni na biyu, kamar masu binciken kuɗi, ya iya karantawa kawai, a ƙara masa `r-X` da `setfacl -m`, a kuma saka shi cikin na gadon.

Wannan tsarin yana da ƙofofi biyu da matsala ke sake shigowa ta cikinsu. Fayil ɗin da aka matso da `mv` daga wata folda a faifai ɗaya ba sabon fayil ba ne, don haka yana zuwa da tsohon rukuninsa da tsohon izininsa, bai gaji komai ba, kuma jan fayil da linzami daga folda zuwa folda `mv` ne a ɓoye. `cp -p` da `rsync -a` ma suna ɗauko tsohon izini. Ƙofa ta biyu ita ce `mask` na ACL. Fayil mai ACL yana da alamar `+` a ƙarshen izininsa a `ls -l`, kuma a irin wannan fayil ɗin haruffa ukun tsakiya `mask` suke nunawa, wato iyakar abin da kowane rukuni zai samu. Idan wani ya buga `chmod 640` a kansa, ya rage `mask` ke nan ba tare da ya sani ba, sai `getfacl` ya nuna rukuni yana da `rwx` amma a gefe an rubuta `#effective:r--`. A gyara da `setfacl -m m::rw`.

Tunda an ambaci `domain users`, ya dace a duba foldojin gida ma. Ubuntu ta koma ba foldar gida izinin `750` tun daga sigar 21.04, wanda yake da kyau idan kowa yana da rukuninsa shi kaɗai, amma idan babban rukunin kowa `domain users` ne, wannan 5 ɗin ta tsakiya tana nufin duk ma'aikata za su iya leƙa gidan juna. A ganina ya fi dacewa a sa `umask=0077` a layin `pam_mkhomedir`, ko a kunna `auto_private_groups` a SSSD don kowa ya samu rukuni mai sunansa. Kada kuma a yi yunƙurin raba foldar gida ta hanyar ba rukuni izinin rubutu a kanta, domin SSH zai ƙi karɓar mabuɗin mai gidan.

Saka asusun gajimare a rukunin gida kamar `docker` ko `www-data` ana yin sa da `gpasswd -a`, kuma sunan da za a rubuta sai ya zama daidai da yadda `id` ke nuna shi. Idan daga baya aka sauya `use_fully_qualified_names`, sunan da ke `/etc/group` ya daina dacewa da kowa. A sani kuma cewa shiga rukunin `docker` daidai yake da samun ikon `root` a injin.

Idan foldar ba a faifan injin take ba

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne idan fayilolin suna faifan injin, saboda haka a buga `findmnt -T /srv/lissafi` a ga irin ma'ajiyar. Idan NFS ce, wato foldar da ake jonawa daga wata saba ta hanyar sadarwa, mai tantancewa ta `sec=sys`, buƙatar da injin ke aikawa ba ta ɗaukar rukuni fiye da 16, ko da yake Linux kansa yana yarda da 65,536. Ma'aikacin da ya daɗe a wuri cikin sauƙi yake tara rukuni ashirin ko talatin a Active Directory, kuma idan `lissafi` ya faɗo bayan na goma sha shida, saba ba za ta taɓa jin labarinsa ba. Alamar wannan ita ce sabon ma'aikaci yana shiga foldar lafiya, shugaban sashe kuma an hana shi. Ana gyarawa da `manage-gids=y` a sashen `mountd` na `/etc/nfs.conf` a kan sabar NFS, wanda ke sa ta nemo rukunonin da kanta, da sharaɗin ita ma an haɗa ta da ma'ajiyar sunaye ɗaya kuma tana fitar da lambobi iri ɗaya. Idan kuma duk fayiloli suna fitowa a matsayin na `nobody`, a kwatanta layin `Domain` na `/etc/idmapd.conf` a ɓangarorin biyu, sannan a share abin da aka adana da `nfsidmap -c`. `sudo chown` da ya ƙi aiki a kan NFS yawanci aikin `root_squash` ne, wanda ke mayar da `root` na injin baƙo zuwa lamba 65534, don haka a je a yi gyaran a kan sabar kanta.

Idan ma'ajiyar SMB ce, wato mai tsarin raba fayiloli irin na Windows, kamar Azure Files, mallaka da izinin da ake gani galibi daga zaɓuɓɓukan jonawa suke fitowa, wato `uid`, `gid`, `file_mode` da `dir_mode` da ke `/etc/fstab`, kuma `chmod` ba zai yi tasirin da ake zato ba. A sa `gid` ya zama lambar rukunin aikin, `dir_mode=0770`, `file_mode=0660`, a sake jonawa. Ma'ajiyar gajimare da aka jona ta FUSE, hanyar da ke ba manhaja damar nuna ma'ajiya kamar folda, da `gcsfuse` ko `rclone mount`, tana da nata halin: wanda ya jona ta shi kaɗai ke iya shiga, ko `root` ba ya shiga, sai an ba da zaɓin `allow_other`, wanda shi ma mai asusun talakawa ba zai iya amfani da shi ba sai an buɗe `user_allow_other` a `/etc/fuse.conf`. A irin wannan ma'ajiyar izini hawa biyu ne, na Linux da ake gani, da na asusun gajimaren da manhajar ta shiga da shi, kuma idan na biyun ba shi da ikon rubutu a wajen Google ko Microsoft, babu lambar da za a sa a gefen Linux ta canza hakan.

Idan lambobi sun dace, rukuni ya iso, ACL daidai yake, faifan kuma na gida ne, amma wata manhaja kamar sabar yanar gizo ko Samba tana ci gaba da samun `Permission denied` a RHEL, Fedora, Rocky ko AlmaLinux, to saura SELinux, ƙarin tsarin tsaro da ke yanke hukunci bisa lakabin da ke jikin fayil. `ls -Z` yana nuna lakabin fayil, `sudo ausearch -m avc -ts recent` kuma yana nuna abin da aka hana cikin mintunan da suka wuce. Fayil ɗin da aka matso da `mv` daga foldar gida yana zuwa da lakabin gida, kuma `restorecon -Rv` a kan foldar yana mayar da shi daidai. Foldar da ke wurin da tsarin bai sani ba, irin `/srv/lissafi`, sai an fara rubuta mata doka da `semanage fcontext` kafin `restorecon` ya san lakabin da zai sa mata, idan kuma foldojin gida a kan NFS suke, a kunna `use_nfs_home_dirs` da `setsebool -P`.